Ku ƙyale bos, ba shi ya raini ƴan pale ba

Tun da hukumar tace fina-finai ta Kano ta haramta fina-finan daba a 2024, wasu a nan Damagaram suka samu abin faɗa. Kana kunna rediyo sai ka ji mai kira yana rantsuwa yaran yanzu sun lalace, hujjarsa kuwa wai a gidan kallo an daina yi wa jarumi tafi, bos ake yi wa. A ganinsa duk yaron da ya sa hoton bos a WhatsApp, gobe shi zai tare ka da adda a lungu.

Wannan magana ta ishe ni. Masu furfurar nan, wa suke kwaikwayo suna samari? Amjad Khan ya fito a Gabbar Singh cikin Sholay a 1975, iyayenmu suka haddace tafiyarsa da dariyarsa, yau ga su nan limamai ne da manyan ƴan kasuwar Dole. Kafin sinima ma akwai Gizo, maƙaryaci maci amana, wanda ko Ƙoƙi bai bari ba. Kaka da bakinta take ba mu labarinsa, mu kuwa muna fatan kada a kama shi.

Je ka zauna a fada, wato majalisar samari, bayan isha'i ka gani. Shayi na kan gawayi, an jingina waya da kwalin sukari, kawuna sun haɗu. Wurin da ake ta cewa "maido baya" shi ne inda bos ya shigo kowa ya miƙe, ya yi magana babu mai katse shi. Yaron da ya yini a rana yana sayar da fetur a kwalba, ko yana kabu-kabu fasinja na masa tsawa kan canji, me zai yi da jarumin da ba ya komai sai haƙuri da kuka da waƙa? Masu rubutun ma ai bos suke ba duk kalamai masu gishiri. Kuma in ƙarshen fim ya zo aka kashe shi, yaran nan dai su ne ke tafi. Sun san wasa ne, masu kukan lalacewa ne suka manta.

Za a ce to ƴan pale fa, wato ƴan dabar Damagaram, da har wani gungu a unguwar Kara-Kara ya sa wa kansa suna Hitler, kamar yadda fim ɗin Zinder da Aicha Macky ta yi a 2021 ya nuna? Hitler ba ɗan fim ba ne, miliyoyin mutane ya kashe da gaske. Saurayin da ya ɗauki sunansa da alfahari yana gaya maka bai taɓa zama ajin tarihi ba. Kara-Kara kuwa unguwa ce da aka daɗe da ware wa kutare aka juya mata baya. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, amma samarin unguwar har yau tankoki kawai suke gani suna wucewa. A bar duk wannan a kama mai gidan kallo? Rainin hankali ne.

Masu neman abin haramtawa su fara da ɗan siyasar da ya saba aika wa pale ƴan jikkuna da riguna in kamfe ya zo. Sannan a ƙaro wuraren koyon walda da kanikanci a unguwannin nan, a kuma mayar da ƙannensu makaranta.