Me Ka Yi da Abin da Ka Sani?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Imam Tirmizi ya rawaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita. Da iliminsa, me ya aikata da shi. Da dukiyarsa, ina ya samo ta, a ina ya kashe ta. Da jikinsa, a me ya tsufar da shi. Mu dai in aka zo kan tambayar dukiya sai mu ce ai wannan ta su Alhaji ce. In aka zo kan ta ilimi sai mu tura wa malaman zaure da farfesoshi, mu kuma mu koma gefe kamar ba da mu ake ba. Alhali babu ɗan Adam ɗin da bai san komai ba. Wani ya san ƙira, wani ya san gyaran famfo, wata ta san yadda ake ajiye kuka da kuɓewa su shekara ba su lalace ba. Sanin nan Allah ne ya ba shi, kuma amana ce a wuyansa.

Shi ya sa nake so mu duba rayuwar wani bawan Allah daga nan ƙasar tamu, marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya fito da tukunyar sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba.

An haife shi a 1964, a gidan masu ginin tukwane, ya tashi a karkara yana ganin yadda ake kwaɓa yumɓu, a gina, a shanya, a gasa. Ya yi boko, ya karanta harkar gudanarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya zama malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Ya kuma riƙa yi wa hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya aiki a jihar, aikin da ya sa shi yawon ƙauyuka. A nan ne ya ga abin da kowa ke gani, amma shi abin ya tsaya masa a rai.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu noman lambu ya san wannan baƙin cikin. Mutum ya yi wata uku yana ban ruwa, ya ci bashin taki, ya yi fama da tsutsa. Ranar da ya tsinke tumatir ɗinsa kuwa, ranar ya shiga tsere da rana. Da safe kwando na sheƙi, yana iya cewa albarka. Kafin la'asar na ƙasa ya fara farfashewa, ruwa na tsiyaya ta gindin kwando, ƙudaje sun taru. Ɗan sari ya san da haka, shi ya sa ba ya sauri. Sai ya bari yamma ta yi, ya zo yana taɓa baki, ya taya yadda ya ga dama, manomi kuma ya sallama don ba shi da inda zai kai. Wanda ya rage a yanka a baza a bakin titi ya zama kauɗa, ƙura na hawa. Alayyafo kuwa ko kwana ba ya yi. A cikin gida, uwa ta ɗora wa yarinya tire ta ce maza ki zaga da shi kafin ya yi yaushi, ga ƙawayenta sun wuce makaranta. Ƙauyen babu lantarki, balle a yi maganar firji.

Daga 1995 Malam Bah Abba ya shiga gwaji, ya ɗauki kusan shekara biyu yana gyarawa. Abin da ya fito da shi, in ka ji sai ka yi murmushi. Tukwane biyu ne na ƙasa, babba da ƙarama. A sa ƙaramar a cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa. A zuba kayan miya a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Shi ke nan. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, busasshiyar iska na ɗauke shi, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum in iska ta taɓa shi. Da aka gwada, yalo da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka yi mako uku. Alayyafon da ba ya kwana ya yi kwana 12.

Na san abin da wani zai ce: "Haba, wannan ai kakata ma ta sani. Ba shi ne sanyin randa ba?" Ƙwarai kuwa, shi ne. Mutanen Masar da Sudan da Indiya sun daɗe suna sanyaya ruwa a tukunyar ƙasa, mu ma tun kaka da kakanni randa ke gindin bishiya a tsakar gida. To, a nan ne nasihar take da ɗaci. Sanin yana kowane gida. Dubban 'ya'yanmu sun zauna a aji an koya musu yadda ruwa ke ɗauke zafi in ya zama tururi, sun haddace, sun rubuta a jarrabawa, sun ci, sun dawo gida sun sha ruwan randa, ba wanda ya haɗa abin da ke littafinsa da abin da ke cikin moɗarsa. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai cutar raina sana'ar iyaye a cikinmu. Yaro ya fito daga gidan maƙera ko majema ko magina, da ya sa rigar digiri sai ya fara jin nauyin a ce ɗan wane ne. Zai gwammace ya shekara biyar yana yawo da takardu ofis-ofis da a gan shi da yumɓu a hannu. Ina muka samo wannan? Ba daga addini ba dai. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Anbiya'i, aya ta 80, cewa shi ne ya sanar da Annabi Dawud (AS) sana'ar ƙera sulke don ya kare mutane a wajen yaƙi. A Suratu Saba'i kuma ya ce ya tausasa masa ƙarfe, ya umarce shi ya yi sulkuna wadatattu, ya daidaita saƙarsu. Annabi ne, sarki ne, ga shi a maƙera, kuma Ubangiji na yi masa umarni kan ingancin aiki. Bukhari ya rawaito cewa babu wanda ya taɓa cin abinci mafi alheri kamar wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawud daga aikin hannunsa yake ci. Wane ne kai da za ka ji kunyar tukunya?

Sai dai ƙirƙira rabin aiki ce. Mutane nawa ne suka ƙera abu mai kyau, aka ɗauke su hoto, aka tafa, abin ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura? Shi Malam Bah Abba albashinsa na koyarwa ya zuba. Ya nemo magina tukwane da ba su da aikin yi, aka gina guda 5,000, ya raba su kyauta a ƙauyuka biyar na Jigawa. A 1999 ya ƙara wasu 7,000. Ku tuna, albashin malamin makaranta ne a Najeriyar shekarun 1990, ba sai na yi bayani ba.

Daga baya ya koma sayarwa. Kuɗin gina tukwanen biyu ya kai kimanin santi 30 na dalar Amurka, shi kuma yana bayarwa a santi 40. A ganina wannan ne wurin da ya fi nuna hankalinsa, kuma wurin da ya kamata masu son taimako su tsaya su yi nazari. Kyauta tana da lada, babu ja. Amma aljihun mutum ɗaya yana da ƙarshe, ranar da ya ƙare, alherin ya tsaya. In akwai 'yar riba kuwa, magini ya samu abin kai wa gida, mai jigila ya samu, an sayi yumɓu da makamashin gasa na gaba, abin ya riƙa juya kansa ko mai shi yana barci. Kuma an san halinmu, abin da mutum ya sa kuɗinsa ya fi kula da shi. Wasu in sun ga mai taimako ya sa farashi sai su fara gunaguni, wai ya mayar da abin Allah kasuwanci. Su tuna Abdurrahman bin Auf (RA). Da ya iso Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i, wanda Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Daga wannan kasuwar ce ya zama cikin manyan masu ciyarwa saboda Allah.

Amma kuma kada mai kasuwa ya ji wannan ya gyara zama. Dubi girman ribar: santi goma. Mutum ne da ya riƙe abin da talaka ke matuƙar buƙata, bai ce tunda suna so bari in matse su ba. Mu kuwa yau da mutum ya ga shi kaɗai ke da abu a unguwa, ko ruwan burtsatse ne, ko cajin waya, sai farashi ya tashi ba dalili. Manzon Allah (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi in zai sayar, mai sauƙi in zai saya, mai sauƙi in zai nemi bashinsa. Riba halal ce. Shaƙe wuyan mabuƙaci kuma wani abu ne daban, kowa ya san bambancin a zuciyarsa ko da bai faɗa ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda ya isar da saƙon. Mutanen da yake so su amfana galibi ba sa karanta takarda, kuma baƙon abu sai an sha fama kafin a karɓe shi. Bai tsaya yana cewa mutanenmu ba su waye ba, kamar yadda 'yan bokonmu suka saba. Sai ya rubuta wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo da 'yan wasa na gida, ya riƙa shiga ƙauyuka da janareta da majigi, a kafa farin ƙyalle da daddare, gari ya taru a kalla. Gani ya kori ji. Matan aure da ke cikin gida suka samu hanyar ajiye zoɓo da sanyinsa suna sayarwa, manomi ya samu bakin cewa ɗan sari ya dawo jibi, an kuma samu 'yan matan da aka sauke wa tiren talla suka tafi aji.

A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000, ya yi amfani da kuɗin wajen faɗaɗa aikin zuwa wasu jihohin Arewa. A 2001 mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Zuwa 2005 an raba sama da 90,000. A Darfur ta Sudan, mata magina tukwane a garin Al-Fashir suka karɓi fasahar suna ginawa. Abin kunya a gare mu shi ne da yawanmu sai da Turawa suka yaba sannan muka waiwaya. Ni ban kawo lambobin yabon nan don su ne ma'auni ba. Ranar farko da ya fitar da albashinsa ya ba magina, ba wanda ya yi masa alkawarin ko sisi. Niyya kuwa tsakanin bawa ce da Ubangijinsa, mu zahiri muke gani, kuma zahirin mai kyau ne.

Ya rasu a 2010, bai kai shekara hamsin ba. Muslim ya rawaito cewa idan ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Muna yi masa fatan Allah ya sa wannan tukunya cikin abin da ba ya yankewa, ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Ga wanda zai gwada a gida, ko matashin da ke neman abin yi ya ga zai iya haɗawa ya sayar: je wurin masu tukwane ka zaɓi biyu da in an sa ɗaya cikin ɗaya za a bar tazarar kamar yatsu biyu zuwa uku. Babbar kada ta zama mai fenti ko mai sheƙi, don ta jikinta ruwan ke fita. In akwai huda a gindi a toshe. A fara zuba yashi a ƙasan babbar har bakin tukwanen ya daidaita, sannan a cika gefe. Yashin rafi mai tsabta ya fi. A jiƙa shi sau biyu a rana, safe da yamma, kada a bari ya bushe, tsumman rufi ma haka. A ɗaga ta daga ƙasa kaɗan in da hali, don iska ta zaga ta.

In kuma sayarwa za ka yi, ka faɗa wa mai saye iyakarta, domin Annabi (SAW) ya ce masu ciniki in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Ba ta yin ƙanƙara. Ba wurin ajiye ɗanyen nama ko kifi ba ce na kwanaki. Ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska ta bushe. Da damina, in iska ta cika da laima, sanyinta raguwa yake yi sosai, don haka kada ka ce wa Hajiya za ta ga abin da ta gani a watan Maris a cikin Agusta.