Madubin da ya nuna min hulata

A gidanmu an yi maharba. Kakana da bindigar adaka ya riƙe iyali, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma ba a taɓa jin ya liƙa mata wani gilashi ba. Ni kuwa da neman abinci ya jefa ni jihar Minnesota ta Amurka, inda farautar barewa ke da lasisi, da lokaci, har da launin rigar da doka ta ce a sa, sai jinin ya motsa. Na sayi bindigar farauta mai cin harsashin .30-06, ɗauke da madubin hange irin na kowa, wanda ake kafawa dab da ido.

Shi wannan madubin tazarar da yake so tsakaninsa da ido ba ta wuce inci 3 zuwa 4 ba. Ita kuma bindigar in ta tashi sai ta yi shuri baya. A filin gwaji na kwanta, na matso da fuska don in ga da kyau, na taɓa kunama. Ƙarar ban ma ji ta ba. Bakin madubin ne ya sare ni a gira, jini ya rufe min ido, aka yi min ɗinki mai siffar jinjirin wata. Ranar Juma'a a masallaci 'yan'uwanmu Somaliyawa suka yi ta min jaje suna tambayar ko 'yan fashi ne. Uwargida ko jajen ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Maigida, barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kai naka gadon ta gira ya ɓullo."

Wani dattijon Bature maƙwabcina, wanda ya tsufa a dawa, shi ya ba ni labarin Jeff Cooper. Tsohon hafsan soja ne da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, ya rasu a 2006. A shekarun 1980 ya fito da tsarin bindigar da ya kira Scout: kada tsawonta ya wuce mita 1, nauyi kamar kilo 3, madubi kuma a kai shi can gaba kan bututu, mai ƙara girman abu sau 2 zuwa 3 kacal. Hikimar ita ce ka buɗe ido biyu, ɗaya na auna, ɗaya na ganin abin da ke kewaye, ga wurin zuba harsashi a sarari ba abin da ya tokare shi. Kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera ta a ƙarshen shekarun 1990, Ruger ya biyo da tasa a 2011. Duk wannan tarihi dattijon ya zuba min, amma ni abu ɗaya kunnena ya riƙe: madubin ba ya kai wa gira.

Aka ɗaura min ƙarfen zama a kan bututu, na shiga intanet na yi odar madubi mai doguwar tazara, mafi araha da na gani. Da ya iso na kafa, na ɗora bindiga a kafaɗa, sai duhu, da ɗan ɗigon haske yana yawo a tsakiya. Na ja kai baya, na ƙara ja, sai da kuncina ya bar gindin bindigar gaba ɗaya sannan na hango katangar maƙwabci tar. Ashe na ƙaramar bindigar hannu ne, wanda aka yi don a miƙe hannu sosai a duba. Dattijo ya yi dariya har da tari, ya ce in dai wuyan raƙumin dawa gare ni to ya yi daidai. Na mayar, na ƙara kuɗi, na karɓi na gaskiyan, mai tazarar kusan taƙi guda.

Sai koyon buɗe ido biyu. Idona na hagu ya saba da rufewa, ko na ce ya tsaya sai ya lumshe da kansa. Na yi ta atisaye a falo da bindiga ba harsashi, ina auna agogon bango, har uwargida ta hana yara ratsawa.

Farkon Nuwamba aka buɗe farauta, muka nufi dazukan arewacin jihar. Tun duhun asuba na hau tsani na zauna a kan bishiya, sanye da riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli, sanyi na cin yatsu. Dattijo ya zaɓa min wurin da rana za ta fito ta bayana, don hasken ya kashe wa dabba ido. Dabara ce mai kyau, ga mai madubin da kansa ke yi wa inuwa. Nawa kuwa yana can gaba tsirara.

Rana na leƙowa sai ga namijin barewa, ƙaho reshe-reshe, yana tafe yana yanga. Zuciyata ta hau duka. Na ɗaga bindiga a hankali, ido biyu buɗe yadda Cooper ya koyar. Idon hagu na ganin nama ƙuru-ƙuru. Idon dama kuwa, hasken rana ya tsallake kafaɗata ya cika gilashin, ba abin da nake gani sai wani mutum mai hula ruwan lemo da tabo a gira yana zare min ido. Na karkata, ya karkata. Na cire hular in yi wa madubi inuwa, bindiga ta sunkuya. Cikin ruɗewa na ɗaga murya na yi bisimilla, don kada in harba ba ambaton Allah naman ya haramta. Barewar ta ji, ta ɗaga farar wutsiyarta, ta shige dawa.

Da la'asar na dawo gida na tarar da ƙamshin farfesu. Na ce, "Hajiya, wa ya kawo nama?"

Ta ce, "Kaza ce. Kana tayar da mota na fito da ita daga firij." Ta zuba min, ta ɗauko biro da takarda ta zauna gefena. "Yanzu faɗa min tsakani da Allah, da bindigar, da madubin, da lasisi, da kuɗin ɗinkin gira, rago nawa ke nan?"