Dutsenmu Ya Yi Aman Miyar Kuka

Auta ce ta ja mini. Ta ga bidiyon dutsen Nyiragongo na Kwango yana malalo wuta wajen birnin Goma a 2021, ta ce, "Kawu, wa ya hura wuta a cikin dutse?"

Na gyara zama. Na ce babu wanda ya hura. Can ƙarƙashin ƙasa zafi kan narkar da dutse, narkakken kuma cike yake da tururi da iskar gas. Da yake bai kai duwatsun gefensa nauyi ba, sai ya riƙa tasowa ta tsagogi. Yana tasowa matsi na raguwa, iskar ta kumbura ta tunkuɗo shi waje, zafinsa digiri 700 zuwa 1,200. Yaran suka zuba mini ido, ko ƙiftawa babu. Na ce to, a kawo kayan aiki mu haɗa namu dutsen.

Gorar ruwa ta roba mai rabin lita muka binne har wuya a tulin jiƙaƙƙen yashi. Cokali 3 na kanwa, rabin kofi na ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke don kumfa ta yi kauri. Kanwar sai an daka ta lilis. In da gudaji, tsuwwa kawai za ta yi ta yi. A ƙarshe a tuttula kofi guda na ruwan lemon tsami a ja da baya, don haɗuwar tsami da kanwa ce ke fitar da iskar.

Don aman ya yi ja, na zuba zoɓo kan kanwar. Ashe ba sa ga maciji: kanwa kan mayar da jan zoɓo kore mai duhu. Dutse ya yi amai, Auta ta leƙa ta ce, "Kawu, miyar kuka ce." Zoɓon a cikin lemon tsami ake sa shi, kuma tsamin ya rinjayi kanwar.

A zagaye na biyu yayanta ya yi wuf ya murɗe murfin gorar, wai kada wutar ta gudu. Gora ta ɗaure tamau. Ina sassauta murfin, feshi ya tashi ya sauka kan fararen mayafan Goggo da ke kan igiya. Haka duwatsu masu fashewa suke yi: narkakken dutse mai kauri ya toshe hanya, iska ta taru, sai bam, irin na Pinatubo a Filifin a 1991. Mai ruwa-ruwa kuwa malala yake yi abinsa.

Auta ta tambaya ko Dala ma zai yi. Na ce a'a, Dala ba irinsu ba ne. Amma a maƙwabtanmu akwai mai rai, Dutsen Kamaru, ya yi amai a 1999 da 2000. Ban rufe baki ba Goggo ta fito daga madafi riƙe da gwangwanin kanwa wayam, ta dubi igiya, ta dube ni.

"Malam masanin duwatsu, ga bokiti can."