A kawo na'urar naɗar murya kotu, amma a ajiye mutum a gefenta

A Amurka da Ingila an daɗe ana jayayya kan ko na'urar naɗar murya za ta iya maye gurbin marubutan kotu, wato ma'aikatan da ke zaune gaban alƙali suna buga duk kalmar da aka furta. A Amurka sai mutum ya iya buga kalma 225 a minti guda kafin a ba shi takardar ƙwarewa. Ingila kuwa ta sallami nata daga manyan kotunan laifuka, har da Old Bailey, fitacciyar kotun laifuka da ke Landan, a 2012, ta koma naɗar murya. Masu adawa da na'ura a can suna da hujja, domin ƙwararru ne ake raba su da aikinsu.

A yawancin kotunan Najeriya alƙali ne marubucin. Shi ke sauraro, shi ke rubutawa da hannu, lauya na kallon alƙalaminsa yana sassauta magana, shaida na tsayawa a tsakiyar jimla har sai Mai Shari'a ya ɗago kai. Shaidar da za a iya kammalawa kafin azahar sai ta ci zama biyu, wanda ake tuhuma kuma yana tsare yana jiran ranar da aka ɗage. Alƙalin da idonsa ke kan takarda ba ya ganin fuskar mai ba da shaida, alhali kotun ɗaukaka ƙara na girmama hukuncinsa ne bisa cewa shi ya ga shaidun da idonsa.

Doka ba ta hana naɗar murya a kotu ba. Sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kotu ajiye bayanan shari'ar laifi, kuma sashe na 364 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da damar naɗar zaman kotu kalma da kalma, a buga shi a ƙarshen yini alƙali ya tabbatar.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. A babbar kotu Turanci ake rubutawa. Bahaushe ya yi bayani da Hausa, tafinta ya juya, alƙali ya taƙaita abin da tafinta ya ce. Maganar ta bi ta hannu biyu kafin ta kwanta a takarda, asalinta kuma ya bi iska. In tafinta ya kuskure, ko ya rage wani abu saboda gajiya, babu wanda zai iya komawa ya duba, kuma a kan wannan takarda ake ɗaure mutum shekaru. Muryar da aka naɗa tana ajiye abin da shaida ya faɗa da bakinsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa na'ura a kowace kotu daga Kano zuwa Maiduguri, har da kotunan shari'ar Musulunci da ake fassara bayanansu idan ƙara ta wuce gaba.

Sai dai na'ura ba ta tsayar da lauyoyi biyu da ke magana a lokaci guda, ba ta cewa shaida ya ɗaga murya, ba ta sanin wuta ta ɗauke ko ƙarar janareta ta danne komai. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu kuwa har yanzu suna tuntuɓe a Hausa, balle Fulfulde ko Kanuri. Saboda haka ma'aikatar shari'ar da ta sayi na'ura don ta rage ma'aikata ta sayi matsala. Dole a horar da magatakarda masu jin harshen yankin, su zauna da na'urar lokacin zama, su rubuta sunan mai magana da lokaci, su buga bayanan, su kuma adana muryar inda ba mai iya gogewa ko sauyawa. Majalisun jihohi su ware kuɗin albashin waɗannan magatakarda da na wutar lantarki mai amfani da hasken rana a kasafin da aka sayi na'urar, kuma dokar kotu ta ba wanda aka yanke wa hukunci 'yancin karɓar kwafin muryar kamar yadda yake karɓar kwafin hukunci.