Kaset ɗin da ɗan kallo ya naɗa ba shara ba ne

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu son kiɗan rock, wai duk sautin da ɗan kallo ya naɗa da rikodarsa a wurin wasa hayaniya ce kawai, wai sahihin sauti shi ne wanda aka jawo kai tsaye daga na'urar haɗa sauti da ke gaban injiniya. Ni ban yarda ba. In aka ajiye mini guda biyu na dare ɗaya, na injiniya da na ɗan kallon da ya san aikinsa, sau tari na ɗan kallon zan ɗauka.

Ga dalilina. Injiniyan da ke zaure ba don kaset yake haɗa sauti ba, don kunnen mutanen da ke gabansa yake yi. Mai jita yana da lasifikokinsa a kan dandamali suna ta tsawa, ganguna kuma ko ba makirufo ana jin su, musamman a ƙaramin zaure. Saboda haka abin da ya riga ya yi ƙarfi, injiniya ba ya ƙara masa sosai. Murya yake ɗagawa don ta kamo su. Idan ka jawo sautin daga na'urarsa, sai ka ji mawaƙi kamar a cikin kunnenka yake, jita ta koma can baya, dubban mutanen da suka cika wurin kuma sun ɓace bat, sai ɗan tafin da ya zurara ta makirufon mawaƙi. Sauti garau, amma ba shi ne aka ji a daren ba. Wanda ya saba da tsofaffin kasakasan Shata na wurin biki zai fahimce ni: cire guɗa da ihun jama'a da maganar sanƙira, ka ga ko waƙar za ta tsaya da nauyinta.

Ba na musun cewa akwai na banza, kuma su ne suka fi yawa. Amma lalacewar tana da sanadi. Babban sanadin shi ne wurin tsayuwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. A babban zauren wasanni mai bangon siminti, wanda ya tsaya can baya ba sautin lasifika kaɗai yake kamawa ba, har da wanda ya bugi bango da rufi ya dawo a makare, sai komai ya cakuɗe, ka kasa bambance bugun ganga da amsa-kuwwarsa. Wanda ya manne da lasifikar gefe guda kuma, ƙarar ta fi ƙarfin makirufonsa, sautin ya fashe. Shi ya sa gwanayen wannan harka suke neman tsakiya, tsakanin dandamali da teburin injiniya, su ɗaga makirufo sama da kawunan mutane don hirar na kusa da su kada ta shiga. A fili kuwa, iska ce abokiyar gaba.

Ku duba abin da ya faru a Oakland, jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Nuwamba 1969. Wani mutum ya shiga wasan ƙungiyar rock ta Rolling Stones da rikodar Uher mai zare da dogon makirufo na Sennheiser wanda ke kama abin da aka nuna shi kawai. Kafin shekarar ta ƙare, faifan abin da ya naɗa ya shiga shaguna ba da izinin kowa ba, kuma ya yi kyawun da mujallar Rolling Stone ta yi sharhinsa kamar kowane faifai na halak. A 1970 ƙungiyar ta fitar da nata faifan na wannan rangadi, kuma da yawa na ganin wancan ne ya ingiza ta. Mutum ɗaya, makirufo ɗaya!

Amma wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Mike Millard na yankin Los Angeles. Lafiyarsa ƙalau, sai dai a keken guragu yake shiga zaure, abokinsa na tura shi, a ƙarƙashin mazauninsa an ɓoye rikodar Nakamichi 550, wani ƙaton akwati mai nauyi. Makirufonsa na AKG kuma a cikin hula. Yana neman kujerun gaba-gaba a tsakiya, ya zauna tsit awa biyu ko uku, ba tafi, ba juya kai, domin da ya juya sautin zai karkata. Ban goyi bayan yaudarar keken ba, kujerar nan ta masu buƙata ce. Sai dai ku nemi abin da ya naɗa na ƙungiyar Led Zeppelin a zauren Forum na yankin Los Angeles ranar 21 ga Yuni 1977, ku sa na'urar kunne ku ji gangar John Bonham, mai gangar ƙungiyar. Za ku ji faɗin wurin, ku ji yadda bugu ke tashi daga dandamali ya cika zaure. Har Jimmy Page, mai jitar ƙungiyar, ya yi amfani da wani yanki na wannan naɗin a faifan bidiyon ƙungiyar na 2003. Millard ba ya sayarwa, abokai yake ba, kuma yana jin zafin masu buga kasakasansa su ci riba. Ya rasu a 1994, bai ga yadda duniya ta dawo tana yaba aikinsa ba.

'Yan ƙungiyar rock ta Grateful Dead su suka fi kowa gane darajar abin. A 1984 suka ware wa masu naɗa wuri na musamman bayan teburin injiniya, bisa sharaɗin a yi musaya kyauta, kada a sayar. Ƙungiyar ta yi wasa sama da 2,000 tsakanin 1965 da 1995, ba ta maimaita dare ɗaya sak, kuma kaso mai yawa na waɗannan darare yana nan a ajiye saboda mutanen da suka yi ta ɗaukar batura da sandunan makirufo gari-gari. A 2005 da aka nemi janye naɗe-naɗen daga Internet Archive, wani rumbun ajiya na intanet, masoya suka yi ca, har aka mayar da na 'yan kallo kowa ya iya saukewa, na injiniya kuma aka bar shi a saurara kawai. Wasu ma yanzu haɗa biyun suke yi, su ɗauki tsabtar wannan su zuba masa ran wancan. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa na injiniya yana da giɓi.

Wani abin da ya ɓata wa wannan sana'a suna shi ne kwafi. A zamanin kaset, duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya ƙaru da shuu, siraran sautuka su dushe. Mutum ya ji hannu na shida ya yanke hukunci, alhali na asalin tangaram yake. Zuwan kaset ɗin dijital na DAT a ƙarshen shekarun 1980, sannan FLAC, tsarin ajiye sauti a kwamfuta da ba ya zubar da komai, shi ya kashe wannan matsalar, kuma shi ya sa masu musaya na gaske ba sa son a miƙa musu MP3.

Abin da ke damuna shi ne yau. Kowa na da rikoda a aljihu, amma naɗi mai kyau bai yawaita yadda ya kamata ba. Makirufon waya don maganar mutum aka fi tsara shi. Da ƙara ta tashi sai wayar ta danne ta da kanta, da an yi shiru ta ɗago hayaniya, ga hannu na yawo, ga mai wayar na rera waƙar a bakin makirufo. Daga nan a tura ta WhatsApp ta sake matsewa. Sai a ce ai dama haka sautin 'yan kallo yake. A'a, haka sautin gaggawa yake.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kun samu kanku a wurin wasan da aka yarda a naɗa, ku nemi ƙaramar rikodar hannu ko makirufon da ake jona wa waya, ku kashe daidaita ƙara na kai-da-kai, ku rage ƙarfin shigar sauti tun kafin a fara. Ku tsaya a tsakiya, ku daure ku yi shiru, ku naɗi wasan gaba ɗaya, ba rabin waƙa ba. In kun koma gida ku adana na asalin yadda yake, ku rubuta kwanan wata da sunan zaure da irin na'urar da kuka yi aiki da ita.