Ɗan ikonomiks, daina gudun kwas ɗin lissafi

Duk farkon samista idan aka zo rajistar kwasa-kwasai tambayar da za ka fara ji a bakin ɗalibai ita ce wane malami ne ba ya ƙwauron maki, wane kwas ne ba lissafi a ciki. Ni dai a ganina wannan tambayar ce ke raunana digirin ɗan ikonomiks tun bai kai aji uku ba.

Eh na sani maki na da amfani, ba mai son kariyoba. Amma duba mana, da ka wuce ɗan zanen layukan farashi na aji ɗaya shi ke nan komai ya koma lissafin kalkulas, sannan ga ikonometiriks, wato auna al'amuran tattalin arziki da alƙaluma, na jiranka a gaba wadda ba ta shiga kai sai da ƙididdiga da aljabara, wanda ya kauce musu zai zauna ne yana kwafar allo har shafi ya cika bai san me yake rubutawa ba, ranar jarrabawa kuma sai hadda. Gara ka ɗauke su da wuri ko da makin bai yi kyau ba.

Haka fannin yake fa tun ba yau ba. Kyautar Nobel ta farko a tattalin arziki a 1969 Ragnar Frisch da Jan Tinbergen aka ba, duk mutanen lissafi ne. David Card da ya samu a 2021, shi da Alan Krueger gidajen abinci suka bi a jihohin New Jersey da Pennsylvania a Amurka bayan an ƙara mafi ƙarancin albashi a New Jersey a 1992, suka kwatanta alƙaluma suka ga aiki bai ragu ba yadda ake tsoro. Aikin ƙididdiga ne zalla. Don haka in akwai kwas ɗin R ko Python, manhajojin kwamfuta da ake nazarin alƙaluma da su, kar ka bari ya wuce ka, manhajojin ma kyauta ne.

Sai dai masu cewa lissafi kaɗai ya isa su ma ban yarda da su ba. Ka bar gurbi ɗaya wa tarihin tattalin arziki. Ben Bernanke ya daɗe yana nazarin karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, sai ga rikicin kuɗi na 2008 ya same shi yana shugabancin babban bankin Amurka. In gurbi ya yi maka kaɗan, wancan kwas ɗin gabatarwar da ke maimaita abin da ka riga ka ci a aji ɗaya shi za ka ajiye.