Damin dalolin da kuke gani a teburin poka

Assalamu alaikum ƴan'uwana matasa. Kwanan nan ina yawan jin wasunku na cewa poka, wasan kartar nan da ake zuba kuɗi, ba caca ba ce, wai wasan ƙwaƙwalwa ne, sana'a ce kamar ƙwallo. Kun ga hoton wani a Las Vegas, birnin caca na Amurka, ya rungume damin daloli, an ɗaura masa abin hannu na zinare, sai zuciya ta fara raya muku abubuwa. To ku matso mu yi lissafi.

Gasar World Series of Poker, wadda aka fara a 1970, kuɗin shiga babban wasanta dala 10,000 ne. A 2023 mutum 10,043 suka biya, Daniel Weinman ya lashe dala miliyan 12.1. Kuɗin nan ba daga sama suka faɗo ba, daga aljihun sauran aka tara su. Kusan kashi 15 cikin 100 ne kawai ke samun wani abu, sama da mutum 8,000 suka koma gida hannu rabbana. Gidan caca kuwa ya cire kasonsa tun kafin a raba karta.

Na san labarin da ke ruɗar ku. Chris Moneymaker, wani akawu daga Tennessee, ya samu gurbi a gasar ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ci miliyan 2.5 a 2003. Gaskiya ne. Amma ku lura, shekara ashirin da ɗoriya ke nan sunansa ake ta maimaitawa.

Ban musa akwai gwaninta a ciki ba. Akwai lissafi, akwai haƙuri, akwai karantar fuskar abokin karawa. Sai dai gwani kan yi wata da watanni bai ci ko sisi ba, ga kuɗin jirgi, ga na otal, ga haraji na jiran ranar da ya ci. Alƙaluman da ake wallafawa na abin da ɗan wasa ya ci a rayuwarsa, ba a cire kuɗin shiga daga ciki ba. Daniel Negreanu, ɗaya daga cikin fitattunsu, ya bayyana da kansa cewa a 2017 ya ci kusan dala miliyan 2.8, amma abin da ya biya na shiga ya zarce haka, da asara ya rufe shekarar. Da yawansu ma ba da kuɗinsu suke wasa ba. Wani mai hali ke biya musu, in an ci a raba, in an faɗi a rubuta, kuma ba za su ga riba ba sai sun cike ramin baya. Wannan kuke kira zaman kai?

Hukuncin kuwa kun san shi, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya. Sauya mata suna ba ya sauya komai.

Wanda ke ganin shi basirarsa za ta fisshe shi, ya nemi tarihin Stu Ungar. Masana wasan da dama na cewa ba a taɓa gwani kamarsa ba. Sau uku ya lashe babbar gasar, 1980, 1981 da 1997, ta ƙarshen ma wani ne ya biya masa kuɗin shiga, suka raba dala miliyan ɗaya. Hodar iblis da cacar wasanni suka lamushe rabonsa. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas, yana da shekara 45, da kimanin dala 800 a jikinsa.